Me ya sa amilez ke farfaɗowa bayan sanyi, amma ba ya farfaɗowa bayan an tafasa shi?

Ɗalibar sakandare:
Assalamu alaikum malamai. Mun yi gwajin amilez (enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta narkar da sitaci, kamar wanda ke cikin yawu) da sitaci a bututu uku: ɗaya a cikin ƙanƙara, ɗaya a digiri 37, na ukun kuma an tafasa amilez ɗinsa. Na digiri 37 ya cinye sitacin cikin 'yan mintuna. Sauran biyun aidin, ruwan gwajin da ke komawa shuɗi in akwai sitaci, ya ci gaba da nuna shuɗi. Da muka ɗumama na ƙanƙarar sai ya kama aiki, amma na tafasawar ko gezau. Me ya raba su?

Malamin bayoloji:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Amilez furotin ne, wato doguwar sarƙar amino asid da ta naɗe ta yi siffa ta musamman. A jikin siffar akwai wani gurbi da sitaci ke shiga daidai wa daida, a nan ake datse shi ya koma maltos, wani nau'in sukari. Sanyi ba ya taɓa gurbin nan. Motsin ƙwayoyin kawai yake ragewa, sai amilez da sitaci su daɗe ba su haɗu ba. Da zafi ya dawo, haɗuwa ta dawo. Galibi duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin aikin, har a kai wajen digiri 37.

Tafasa kuwa tana girgiza furotin ɗin har raunanan igiyoyin haidurojin da ke riƙe da naɗin su tsinke. Sarƙar tana nan, amma ta warware ta cukurkuɗe, gurbin ya ɓace. Dubi farin ƙwai: in ya dahu ya daskare, sanyi ba ya mai da shi ruwa. Don Allah kada ki rubuta a jarrabawa cewa enzayim ya mutu, ai ba mai rai ba ne. Ki ce siffarsa ta lalace.

Mai kula da ɗakin gwaji:
Bari in ƙara kan bayanin Malam, don a wurin haɗi aka fi yin kuskure. A dama giram 1 na sitaci da ɗan ruwan sanyi, a juye a tafasasshen ruwa mililita 100, a bari ya huce. In ba a dafa ba, kwanciya yake yi a ƙasan kwalba. A zuba mililita 5 na sitaci a bututu ɗaya, mililita 1 na amilez a wani, a ajiye su daban-daban a ruwan ɗumin minti 5 kafin a haɗa, in ba haka ba zafin da aka rubuta ba shi ne na cikin bututun ba. Duk daƙiƙa 30 a ɗiga ɗigo ɗaya a kan aidin da ke farar faranti. Launi zai tashi daga shuɗi mai duhu zuwa ja-ja, daga ƙarshe aidin ya tsaya a ruwan ƙasarsa.

Abu biyu ke ruɗa ɗalibai. Shuɗin aidin da sitaci yana dusashewa in ruwan na da zafi sosai, ya dawo in ya huce, saboda haka kada a gwada ɗigo mai zafi a ce sitaci ya ƙare. Sannan amilez na kwalba, wanda ake saya don gwaji, sau da yawa daga bakteriya ake samo shi, ya fi na yawu jure zafi. A tafasa shi shi kaɗai minti 5 cur.

Ɗalibar sakandare:
Na gode. To ta yaya zan tabbatar maltos ya samu?

Malamar kimistiri:
Da ruwan Benedict, 'yata, wani shuɗin ruwan gwaji ne da ke nuna sukari irin maltos. Ki ɗebi mililita 2 daga kowane bututu, ki ƙara mililita 2 na Benedict, ki sa a ruwan zafi kamar digiri 80 na minti 5. In akwai maltos, shuɗin zai koma kore, ɗorawa, har jan bulo gwargwadon yawansa. Bututun da aka tafasa zai zauna a shuɗinsa. Ki kuma wanke bututu sosai: amilez na yawu ya fi aiki a pH (ma'aunin ƙarfin asid) wajen 7, wato tsaka-tsaki, ragowar asid kaɗan ya isa ya tsayar da shi, kamar yadda asid ɗin ciki ke yi masa bayan an haɗiye abinci.