Neman kalma: me za mu ce wa "régulateur" da Hausa?

Sale Garwa:
Salamu alaikum jama'a, kalma ɗaya nake nema don Allah. Ƙanwata ta gama karatun shari'a a jami'ar Ngaundere, ta yi konkur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, Allah ya sa ta samu aiki a Yawunde a ɗaya daga hukumomin nan da ke kan kamfanonin waya da intanet. To jiya Goggo ta tsare ni wai wane irin aiki ne ya kai yarinya kudu, na ce mata regilate ne, sai ta ajiye carbi ta ce yanzu duk karatun nan ashe gyaran akwatin firji za ta yi? Don a gidanmu regilate shi ne ɗan akwatin nan da ake jonawa kar wuta ta ƙona firji in ta dawo da ƙarfi. Na yi ta kame-kame har shayina ya huce. Me za mu ce da Hausa?

Hajiya Mairo Marwa:
Ai Goggo ba ta yi nisa da gaskiya ba, akwatin ma aikinsa kenan, ya hana mai ƙarfi cinye mara ƙarfi. Amma ka ce mata mai sa ido kawai, haka muke ji a rediyo, hukumar da ke sa ido kan kaza.

Sale Garwa:
Hajiya ki rufa min asiri, in na ce ƙanwata 'yar sa ido ce ai na kashe mata aure a unguwa.

Malam Abakar Njamena:
Ni sa ido ɗin nan bai kwanta min ba kuma ba wasa nake ba. Mu nan Cadi daga Maris 2018 har Yuli 2019 Facebook da WhatsApp a rufe suke, wata 16, sai da VPN muke leƙawa kuma kuɗin data ya ci mu, ku ma a Kamaru an yanke intanet a yankin masu Ingilishi a 2017 wajen wata 3. To duk wanda ya ga wannan in ka ce masa hukumar sa ido abin da zai ji shi ne shi ake leƙe. Alhali asalin aikin kamfani ake riƙe wa wuya, ba talaka ba. Kalmar da za mu zaɓa dole ta nuna wa ake dubawa.

Usmanu ɗan Kuseri:
Hukumar tacewa fa? kamar ta Kano

Malam Abakar Njamena:
A'a ɗan'uwa, tacewa ka ga abu kafin ya fita ka cire tsakuwa kenan. HAMA, hukumarmu ta kafofin labarai da ta gaji ta da, wato HCC, a 2018, ko takwararta CNC taku ta Kamaru, galibi sai an watsa abu sannan su kira gidan rediyo ko jarida su ja kunne ko su dakatar. Kuma tacewa ba ta shiga maganar gasar kasuwa ko kaɗan.

Baffa Ali tsohon malamin lise:
Yara ku tsaya, kuna cuɗa ayyuka uku a ƙwarya ɗaya shi ya sa kalma ta ƙi samuwa. Akwai na gasa, galibi masu karatun tattalin arziki da lauyoyi ne, su ne ke duba ko manyan 'yan kasuwa sun haɗa baki kan farashi ko wani babba zai haɗiye ƙarami ya zauna shi kaɗai, dokar gasa ta Kamaru tun 1998 take, shekarar da aka kafa hukumar ART ta harkar waya. Akwai na kafofin labarai. Sai na tsaron intanet, irin su hukumar ANTIC ta Kamaru, can injiniyoyi suka fi yawa, yanzu kuma ga dokar kare yara a intanet ta 2023, Ingila ma a shekarar ta yi tata ta ɗora wa hukumarta ta sadarwa, Ofcom. Amma ni abin da nake so ku gane, aikin nan ba Bature ne ya kawo mana shi ba. Ina yaro na ga an kama wani mai awon gero da ya bubbuga gindin mudunsa ya shigo ciki, sarkin kasuwa ya sa aka kawo mudun gaskiya aka juye a gaban kowa, sai ga rami ya rage kamar tafin hannu, ba a kai shi kotu ba, mudun aka karɓe aka hana shi awo kasuwa biyu. A littattafan fikihu muhtasibi ake ce wa mai wannan aiki. Sale, ƙanwarka mudun data take aunawa, in sun ce giga ɗaya ya zama giga ɗaya.

Hajiya Mairo Marwa:
Baffa Allah ya ƙara lafiya, mudun data wallahi ya shige ni. Ni na sayi na wata guda ranar Laraba, Asabar aka ce ya ƙare, ko bidiyo ban buɗe ba, na kira su suka sa min kiɗa har kuɗina ya tafi. Amma muhtasibi kam mutane Hisba za su ji, su ɗauka kamen masu askin banza za ta yi.

Usmanu ɗan Kuseri:
To tunda daidaita abu suke, madaidaici?

Baffa Ali tsohon malamin lise:
Ɗana ginin kalmar daidai ne, kamar maƙeri da marubuci, sai dai an riga ka zama a kujerar. Madaidaici ai matsakaici ne, ba babba ba ƙarami ba. Ka ce wa jami'i madaidaicin ma'aikaci ka ga ko zai amsa gaisuwarka.

Malam Abakar Njamena:
Amma tushen ya yi. Daidaita ba ta da warin leƙen asiri kuma tana buƙatar ɓangare biyu, kamfani da mai saye, ko gidan rediyo da wanda aka ɓata wa suna. Hukumar daidaita harkar waya, hukumar daidaita gasar kasuwa, hukumar daidaita kafofin labarai, duk sun zauna a baki. Mutumin kuma jami'in daidaitawa. Inda ta ɗan yi rauni shi ne tara, don a 2023 ART ta ci kamfanonin waya huɗu tarar sefa biliyan 6 bayan mutane sun yi ta sa wayoyinsu a yanayin jirgi don fushi, wannan kam ya wuce sulhu.

Baffa Ali tsohon malamin lise:
Mai daidaita sahu a masallaci ma ai yana jan rigar mutum in ya ƙi matsawa. Ni na yarda. A rubutu hukumar daidaitawa da jami'in daidaitawa, regilate a bar wa firji.

Sale Garwa:
Na gode ƙwarai jama'a. Na je na gwada yanzun nan, na ce Goggo jami'ar daidaitawa ce, ta yi shiru tana kallona, sai na ce mai duba mudun kamfanonin waya ce kar su tauye awo. Nan take ta ce to madalla, aikin lada ne, a kira mata ita ta faɗa mata nata katin na sati ma kwana uku yake yi.