Masu Cavapoo ku fito, ina neman shawara kafin in biya

Maman Ɗan Auta: Salamu alaikum jama'ar zaure. Wani ne ya turo min hotunan ƴan kwikwiyo uku, Cavapoo, satinsu shida da haihuwa, ya ce in na tura kuɗi gobe zai aiko min da macen. Damuwata yarona na biyu yana da alaji, kyanwa ta gifta kusa da shi sai atishawa da jan ido, to mai sayarwar ya ce su wannan irin ba sa zubar da gashi sam don haka babu matsala. Gaskiya ne? Sannan ina fita aiki takwas sai huɗu nake dawowa, za ta iya zama ita kaɗai?

Kawu: Wa alaikumussalam. Sati shida? Riƙe kuɗinki tukuna.

Ƙanwar Zaure: wai mene ne kuma Cavapoo

Ɗalibi: Ruwa biyu ne, Cavalier King Charles Spaniel aka haɗa da ƙaramin Poodle. Mutanen Ostireliya Cavoodle suke ce masa. Ba ya wani girma, galibi kilo 5 zuwa 10, ya danganta da girman Poodle ɗin da aka yi barbarar da shi, kuma in ya samu kulawa yana kai shekara 12 zuwa 15.

Anti Babba: Ƙanwata zauna in ba ki labari, don abin da kike shirin yi shi na yi. Nima hoto na gani hankalina ya tafi, na ce zan zo in ga uwar sai ya ce wai ba ta son baƙi, muka haɗu a bakin hanya ya miƙo min ita a kwali da wani kati wai na rigakafi. Kwana huɗu tana wasa lafiya lau, ranar na biyar ta ƙi abinci ta lafe a lungu, kafin dare amai, da asuba gudawa da jini mai wani irin wari da har yau ban manta ba. Na ɗauke ta a zani na ruga asibitin dabbobi, likita na gwadawa ya ce parvo ce, wata muguwar cutar karnuka. Da na nuna masa katin ya juya shi gaba da baya, babu sitikar kwalbar allura babu hatimi, ya ce wannan kowa ma zai iya rubutawa. Kwana shida tana kan ƙarin ruwa, ni kuma kullum ina zuwa in tsaya in yi ta kallonta, ƴar abin ko kilo biyu ba ta kai ba. Na kira mutumin sau biyu, na uku ya toshe ni. Allah ya yi da sauran kwananta ta tashi, amma ba a nan ta tsaya ba, tana shekara biyar aka je duba lafiya likita ya sa abin sauraro a ƙirjinta ya ce yana jin wata ƙara a zuciyar, aka yi hoto aka ce zuciyar ta fara faɗi. Yanzu safe da yamma ƙwaya, in ta yi barci ina zama da agogo ina ƙirga numfashinta. Ina sonta kamar me, ba na nadamar ta, amma wallahi da na ga uwarta da takardun iyayenta da ban sha rabin wannan wahalar ba. Kar ki biya sai kin ga kwikwiyon yana tare da uwarsa da idonki, a inda aka haife shi.

Ƙanwar Zaure: Allah sarki Anti, Allah ya ba ta lafiya

Dokta: Amin. Abin da Anti ta faɗa na zuciya gadon tsagin Cavalier ne, wata ƴar ƙofa da ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciya ce take lalacewa ta daina rufuwa da kyau, kuma a wannan irin da wuri take farawa. Shi ya sa masu kiwon kirki ba sa haɗa iyaye sai sun kai shekara biyu da rabi likitan zuciya ya wanke su, su ma kakannin a ce sun kai biyar lafiya. Akwai kuma matsalar ƙoƙon kai, ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan ruwa ya riƙa taruwa a laka, za ki ga kare yana ta sosa gefen wuya wani lokacin ƙafar ko taɓa fatar ba ta yi. Saboda cututtukan gadon nan ne kotun ƙolin Norway ta haramta haɗa zallan Cavalier barbara a 2023. Ta tsagin Poodle kuma akwai makantar da ke zuwa a hankali, PRA, ita da gwajin DNA ake gano mai ɗauke da ita, sai ƙoƙon gwiwa da ke gocewa. Ki nemi takardun nan ki gani. Kwikwiyo kuma ba a raba shi da uwa kafin sati takwas.

Ɗalibi: Amma Dokta ai ruwa biyu sun fi zalla ƙwari, haka na sani

Kawu: Ƙwarin me? In uban yana da ciwon zuciya ɗan zai ce a'a ni ruwa biyu ne ba na karɓa? Ni fa abin da ke ba ni haushi sunan, an haɗa kare da kare an laƙaba masa suna mai daɗi ana cika baki. Ko AKC ta Amurka ko Kennel Club ta Ingila, ƙungiyoyin rajistar karnuka, babu wadda ta san shi a matsayin iri, takardar asali da ake nuna muku ku tambaya wa ya buga ta.

Mai Cockapoo: Kawu kullum sai ka zage mu. Duk irin da kake gani ai haɗawa aka yi tun farko, naka ɗin ma daga sama ya faɗo?

Kawu: Ni ban zagi kowa ba ɗiyata. Shi Wally Conron da ya haɗa Labradoodle, wato Labrador da Poodle, a Ostireliya a 1989 dalili gare shi, wata makauniya ce a Hawaii take buƙatar karen jagora mijinta kuma yana da alaji. Shi da bakinsa daga baya ya ce yana nadama, saboda yadda ƴan neman kuɗi suka rufa wa abin.

Mai Cockapoo: to nadamarsa ce, tawa shekararta tara ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba

Admin: A koma kan tambaya dan Allah.

Dokta: Maganar alaji, babu karen da za a rantse miki ba ya tayar da ita. Abin da ke tayarwa yana cikin yawu da ɓurɓushin fata, ba gashin kaɗai ba. Kuma haihuwa ɗaya wani ya ɗauko gashin Poodle mai murɗe, ɗan'uwansa ya ɗauko na Cavalier ya yi ta zuba. Wanda aka sake haɗawa da Poodle, F1b, ya fi ƙarancin zubarwa, shi ma ba tabbas ba ne. Ki kai yaron ya zauna da karen na awanni, fiye da sau ɗaya, in yana da asma kuma sai da izinin likitansa.

Yayan Biyu: Ni gashin nan ne ba a gaya wa mutane gaskiyarsa. Da yake ba ya zuba ƙasa a jiki yake maƙalewa, nawa yana wata takwas lokacin da gashin manya ke fitowa na yi tafiyar sati biyu babu mai taje shi, na dawo bayan kunne da hammata duk sun dunƙule har fata ta yi ja a ƙasa, dole aka yi masa ƙwal-ƙwabo. Taza kusan kullum, da matajin ƙarfe da zai taɓo fata ba a shafa sama-sama ba, aski duk sati shida zuwa takwas. Kunnen kuma tunda a rufe yake in an yi wanka a busar da shi sosai, kina jin ya fara wari ko yana kaɗa kai ki kai shi.

Ƙanwar Zaure: na tuna hoton, kamar ɗan tunkiya aka yi wa sausaya 😂

Yayan Biyu: yarana kwana biyu suna cewa an musanya musu kare

Anti Babba: A ƙara da haƙora, ƙananan karnuka bakinsu na saurin lalacewa. Amma ban da man goge bakinmu, wani yana da xylitol kuma guba ne gare su, haka cakulan da inabi da albasa. Igiya kuma a ƙirji ake ɗaura musu ba a wuya ba.

Maman Ɗan Auta: Na gode sosai jama'a. Na kira shi yanzu na ce zan zo da yarona mu ga uwar, ya ce wai tana wajen abokinsa, takardun kuma sai ya nemo, kuma akwai wani da ke son macen in ban tura yau ba.

Kawu: A bar wa wanin.

Anti Babba: Kalmominsa sak irin na nawa, har jikina ya yi sanyi.

Mai Cockapoo: Babu wanda ya amsa mata maganar aiki fa. Awa takwas ya yi wa kwikwiyo yawa, sau uku zuwa huɗu yake ci a rana ga fitsari kowane lokaci, su kuma jinin Cavalier maƙale-mutum ne, a bar su su kaɗai sai kuka da cizon ƙofa. Sai dai in akwai mai leƙo ta da rana, ko ki nemi babba wanda ya riga ya natsu.

Ɗalibi: Yaya wane irin mataji kike amfani da shi, turo hoto mu gani

Yayan Biyu: bari in isa gida, guda biyu ne