Tsintsiya Maɗaurinki Ɗaya: Ko Karin Maganar Za Ta Ɗauki Darasin Doka?

Malamar Aji Biyar:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a aji biyar na wata firamare ta gwamnati, kuma darasin da ke gabana mako mai zuwa shi ne dalilin da ya sa al'umma take kafa doka. Abin da ya dame ni shi ne yaran ba matakinsu ɗaya ba a karatu. Akwai masu karanta shafi guda su ba da labarin abin da ke cikinsa, akwai masu haɗa baƙi da wasali da ƙyar, akwai kuma wasu yara maza da suka zo mana daga makarantar allo, waɗanda suke karanta ajami babu gargada amma boko yana ba su wahala. Duk ranar da na cika allo da rubutu, na san rabin ajin na bari a baya. Shi ya sa na yi niyyar gina darasin a kan karin maganar nan, "Tsintsiya maɗaurinki ɗaya", in shiga aji da tsintsiya a hannu, in nuna musu cewa maɗaurin nan shi ne doka. Kafin in yi haka, ina roƙon manya da masana su faɗa mini ko karin maganar ta ɗauki wannan fassara, ko kuwa kayan da ba nata ba zan ɗora mata.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa aikinki albarka. A iya sanina, wannan karin magana ta zumunci ce da haɗin kai, ba ta doka ba. Dattijo yakan faɗe ta idan 'yan'uwa sun yi saɓani a kan gado ko gona, yana tuna musu cewa tushensu ɗaya ne, kuma duk wanda ya zare kansa shi zai fara karyewa. Maɗaurin a nan jini ne da asali. Idan kika ce wa yara maɗaurin doka ne, gobe za su ji kakarsu ta faɗe ta a wurin sulhu, su rasa inda maganar ta dosa. Da ni ne, da "Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba" zan ɗauka, domin kowane yaro ya san ta tun daga gida, kuma ta nuna ƙarara cewa saɓa doka yana da sakamako.

Ɗalibin Sashen Hausa:
Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman izinin in saɓa maka kaɗan. Gaskiya ne an fi jin karin maganar a bakin masu sulhunta dangi, amma ba a taɓa killace ta a nan ba, domin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a suna kiran kansu tsintsiya maɗaurinki ɗaya alhali babu jinin da ya haɗa su. Abin da ya haɗa su yarjejeniya ce, wato ƙa'idar da kowa ya amince zai bi, kamar kuɗin taro da ranar zama da tarar wanda ya ƙi halarta. Ke nan maɗaurin yana iya zama jini, yana iya zama alkawari, kuma doka alkawari ce da jama'a suka ƙulla a tsakaninsu.

Inda na fi jin tsoro shi ne karin maganar da Baba ya kawo. "Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba" tana magana ne a kan hukunci, tambayar da Malama za ta amsa kuwa ita ce me ya sa aka yi dokar tun farko. Yaron da aka koya wa cewa doka bulala ce zai bi ta muddin mai bulalar yana tsaye, da zarar ya juya baya kuwa shi ke nan. Wanda ya gane abin da dokar take kare masa, shi ne zai bi ta ko babu mai kallonsa.

Bakabe Mai Su:
Ni ba malami ba ne, amma na tashi a ƙasar Argungu, kuma maganar ɗalibin nan ta tuna mini da abin da muka buɗe ido muka gani. Akwai yankin kogin Matan Fada da aka hana yin su a cikinsa sai lokacin bikin kamun kifi, kuma Sarkin Ruwa ne da mutanensa suke kula da wannan hani. Mutum yana da homarsa da gorarsa a ɗaki, yana ganin ruwan kullum, ga iyali suna jiran cefane, amma ba zai shiga ba. Ranar da aka ba da izini kuwa, sai ka ga dubban masunta sun auka ruwan lokaci guda, wani ya fito da giwan ruwan da sai an taya shi ɗauka. Bikin a yadda aka san shi yanzu ya faro ne a 1934, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta saka shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Malama, wannan labari ba ya bukatar karatu. Ki tambayi yaran me zai faru da a ce kowane masunci ya shiga ruwan nan ranar da ya ga dama. Na tabbata wanda bai iya rubuta sunansa ba ma zai ce miki kifin ƙarewa zai yi tun yana ƙanana, kowa ya rasa. Ga dalilin doka nan ya fito daga bakin yaro. A ganina tsintsiyar ta dace, domin hanin nan shi ne ya ɗaure masuntan wuri ɗaya har kowa ya samu rabonsa.

Tsohon Rajistaran Kotu:
Na shafe shekaru a bakin aikin kotu, kuma ina goyon bayan tsintsiyar, amma da sharaɗi guda wanda nake roƙon Malama kada ta tsallake shi. Maɗaurin tsintsiya kowane sili yake kamawa, dogo da gajere, na tsakiya da na gefe. Silin da ya kuɓuce daga ɗaurin ya tashi daga zama tsintsiya, komai tsawonsa. Sashe na 1 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 abin da ya fara kafawa ke nan, cewa kundin yana sama da kowace doka, kuma tanade-tanadensa sun hau kan hukumomi da ɗaiɗaikun mutane baki ɗaya. Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Al-Maghili ya rubuta masa nasiha a kan abin da ya wajaba a kan mai mulki, ciki har da tsayar da adalci da sauraron koken talakawa. Wato shi ma sarki akwai igiyar da ta ɗaure shi.

Na dage a kan wannan ne saboda yara suna da ido. Suna ganin an tare su a bakin ƙofa an hukunta su don sun makara, sannan su ga wani malami ya shigo bayan an gama darasin farko babu wanda ya ce masa uffan. Idan aka koya musu cewa doka ta ƙanana ce kawai, sun koyi mummunan darasi, kuma da shi za su girma. Saboda haka ne ma ba na son a kawo "Bin na gaba bin Allah ne" cikin wannan darasi ba tare da bayani ba. Magana ce mai kyau a muhallinta na ladabi da biyayya, amma na sha jin an fake da ita an rufe bakin mai gaskiya.

Uwar 'Ya'ya Huɗu:
Malama, ni uwa ce, kuma abu biyu zan roƙa. Na farko, ki sanar da shugaban makarantarku kafin ki shiga aji da tsintsiya, domin tun 2013 tsintsiya ta zama alamar jam'iyyar APC, kuma yaro yana iya komawa gida ya ba da labari a karkace, wani uban ya ɗauka siyasa ake koya wa ɗansa.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai. Ɗana na uku yana da nauyin karatu, kuma a wata makaranta da ya taɓa yi an tsayar da shi gaban aji ya karanta dokokin makaranta da aka liƙa a bango. Ya kasa, 'yan ajin suka yi masa dariya, ya yi kwana uku yana cewa cikinsa ke ciwo don kada ya koma. Yaron nan kuwa shi ne mai raba wa ƙannensa faɗa a gida, shi ya tsara musu wanda zai ɗebo ruwa yau da wanda zai ɗebo gobe. Ya san amfanin doka sarai, takardar ce ta gagare shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta mana mu kai 'ya'yanmu makaranta, mun kuwa kai su, to kada darasin doka ya zama shi ne zai kore su.

Tsohon Hedimasta:
Na karanta bayanan ku duka, kuma misalin Matan Fada ya gamsar da ni cewa tsintsiyar za ta iya ɗaukar darasin. Amma ban janye maganata gaba ɗaya ba. 'Yata, ki fara da ma'anar da iyayensu suka sani, ta zumunci, sannan ki tambaye su abin da zai ɗaure mutanen da ba dangin juna ba, kamar masu saye da sayarwa a kasuwa ko masu bin titi ɗaya. Su da kansu za su kai ki ga mudun da kowa ya yarda da shi, da burtalin da aka ware wa shanu don kada su shiga gonar mutane. Ta haka karin maganar ta riƙe asalinta, ta kuma yi miki aiki. Game da almajiran nan kuwa, kada ki ɗauke su marasa karatu. Ki nuna musu takardar naira 1000 su karanta wa ajin ajamin da ke jikinta, sauran yaran su ga cewa akwai rubutun da su ma sai an karanta musu. Hukuncin da na ambata kuma kada a jefar da shi, a dai ajiye shi zuwa darasi na biyu.

Malamar Aji Biyar:
Na gode muku ƙwarai, kuma ga yadda ta kaya. Na sanar da shugabanmu kamar yadda Hajiya ta ba da shawara, ya amince. Na shiga da tsintsiyar kwakwa, na fara da ma'anar zumunci kamar yadda Baba ya ce, sannan na kwance robar da ta ɗaure ta a gabansu, silayen suka watse a ƙasa. Na miƙa wa wata yarinya sili ɗaya na ce ta share gaban allo, ta yi ta fama har silin ya karye. Daga nan na ba su labarin Matan Fada da baki, ban rubuta komai ba tukuna.

Sai na kawo maganar randar ajinmu, wadda kullum ake rigima a kanta lokacin tara, manya su ture ƙanana, wani ya tsoma hannu, wani ya jefar da moɗa a ƙasa. Na ce su kafa mata doka da kansu, kuma kowace doka sai an faɗi abin da take karewa. Na raba su rukuni huɗu. Masu ƙarfin karatu suka rubuta dokokin da cikakkun jimloli, masu haɗa baƙi suka rubuta kalmomi guda-guda kamar "layi" da "moɗa" da "murfi" a kan kwali, waɗanda ba su kai nan ba suka zana hoton kowace doka, almajiran kuma suka sake rubuta dokokin da ajami a ƙarƙashin na boko. Doka mafi kyau daga bakin yaron da bai iya rubuta sunansa ba ta fito, cewa ƙananan yara su fara sha domin su ne ba sa iya jure ƙishi. Wani kuma ya tambaya ko ni ma zan bi layi, na tuna da maganar Baba Rajistara na ce masa zan bi, kuma tun ranar ina bi.

Da muka tattara silayen za mu mayar da ɗaurin, wata yarinya daga layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to wa yake ɗaure tsintsiyar, kuma idan ya matse ta da yawa wa zai gaya masa?" Na ce mata tambayarta ita ce darasinmu na gaba. Na riga na aika wa mai unguwarmu goron gayyata ya zo ranar Laraba ya bayyana musu yadda ake yanke shawara a unguwa da kuma inda mutum yake kai kuka idan bai gamsu ba. Baba Rajistara, idan akwai karin maganar da ta dace da tambayar yarinyar nan, ina jira kafin ranar.