Kachala ta toshe mana hanyar ruwa: me ya sa ƙonawa ba ta kashe ta?

Ɗan Marma ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga masana. A yankin Guri da Kirikasamma kachala, doguwar ciyawar nan da ke fitowa a cikin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta rufe hanyoyin da kwale-kwale ke bi. Duk rani ana cinna mata wuta, ana sare ta da adda, amma kafin wata biyu ta dawo kore shar, har ta fi da kauri. Dattawa sun ce a da ba ta da yawa haka. Daga ina ta zo? Kuma wace hanya ce ke kashe ta har saiwa?

Malamin Ruwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Dattawan sun yi gaskiya. Kachala, wadda masana ke kira Taifa, ba daga ƙasar waje aka kawo ta ba. Tana nan tun da, amma a ɗan lungun tafkin da ba ya ƙafewa. Ruwan ne ya sauya hali, ita kuma ta samu abin da take so.

A da kogin Haɗeja yakan cika ya malala da damina, da rani kuma ya janye har ƙasa ta tsattsage. Wannan bushewar ce ke hana kachala yaɗuwa. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, sai ambaliyar damina ta ragu, aka koma sakin ruwa har da rani saboda noman rani da ruwan sha. Wurin da ke bushewa wata biyar ko shida ya zama yana riƙe da ruwa shekara cur, ruwa mara zurfi mara gudu. Gidan kachala ke nan. Ta fi jin daɗi daga ruwan idon sawu zuwa kamar mita ɗaya, kuma idan zurfi ya wuce mita ɗaya da rabi ba ta iya zama sosai. Ƙara da takin zamani da ke wankowa daga gonakin sama, ka ga an haɗa mata ci da sha. Haka ya faru a kogin Senegal bayan an gama madatsar Diyama a 1986.

Da ta kafu sai ta riƙa gina wa kanta wuri. Karanta na rage gudun ruwa, laka da yashi su kwanta a gindinta, hanyar ruwa ta cike. Ruwan da ya rasa hanya sai ya fasa gefe ya kwanta a gonaki, nan ma ta bi shi. Shi ya sa za ka ga ruwa ya yi yawa ta wajen reshen kogin da ake kira Marma da tafkin Nguru, alhali wasu rassan kogin da ya kamata su kai ruwa wajen Gashuwa sun toshe.

Batun wuta kuwa, ran kachala ba a ganye yake ba. Yana cikin saiwa mai kauri da ke tafiya a kwance cikin laka, cike da abinci. Wuta na cin na sama, ta bar toka ta zama taki, ta kuma buɗe wa sabon toho hasken rana.

Hajiyar Gandun Daji ta amsa:

Bari in ƙara kan ɓarnar, don mutane sun fi ganin ta gona, alhali ta cikin ruwa ta fi muni. Kachala na kai mita 3 ko fiye, kuma tana tsayawa a cunkushe har haske ba ya taɓa ruwa. Bado ba ya rayuwa a inuwa. Burgu, wanda shanu ke dogaro da shi idan ruwa ya janye, shi ma ɓacewa yake. Makiyayi ya rasa burgu sai ya matso bakin gona, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya.

Ganyen da ya mutu yana ruɓewa a ƙarƙashi, yana shanye iskar da ke cikin ruwa. Ka tura hannu gindinta za ka ɗebo baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tarwaɗa da gaiwa na jurewa saboda suna iya shaƙar iska daga sama, amma ƙarfasa da kawara da sauran kifin da ke son sarari suna raguwa. Kifayen fadama da yawa kuma sai sabuwar ambaliya ta hau busasshiyar ƙasa mai ciyawa suke hayayyafa da kyau. In babu bushewa, babu wannan.

Tsuntsaye ma haka. Tafkin Nguru da Marma suna cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2000, saboda agwagin ruwa da masu tsinken ƙafa da ke zuwa daga Turai su yi hunturu a nan. Waɗannan sarari suke so da laka a fili. Wanda ke amfana da kachala shi ne jan-baki, domin ta zame masa makwanci da ba mai iya shiga, daga nan yake fita ya sauka kan gero da dawa da shinkafa. Ga sauro, ga dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya, duk ruwan da ba ya motsi suke so.

Injiniyan Fadama ya amsa:

Malam Ɗan Marma, ga amsar tambayarka ta biyu. Ka tsaga ganyen kachala a tsaye, za ka ga cikinsa ɗaki-ɗaki kamar soso. Ta nan iska ke sauka zuwa saiwa, domin lakar da take ciki ba ta da iska. Idan aka yanke wannan hanya saiwar shaƙewa take. Saboda haka a yanka ta a ƙarƙashin ruwa, santimita 20 zuwa 30 ƙasa da saman ruwan, da lauje mai dogon ƙota daga cikin kwale-kwale ko a tsaye inda ƙafa ke kaiwa. Sharaɗin shi ne kututturen ya zauna a nutse makonni da dama. Idan ruwa zai ja baya cikin sati ɗaya, an yi aikin banza, don haka a fara sanin lokacin da ake sakin ruwa daga madatsun.

Inda aka fi yin kuskure: ana yanke ɗanye a bar busasshen kara a tsaye. Busasshen ma yana kai iska. A kwashe duka, kuma a yi fili ɗaya a gama shi gaba ɗaya, domin saiwoyin a haɗe suke, wadda aka bari a gefe tana iya ciyar da maƙwabciyarta.

Lokaci mafi kyau shi ne sa'ad da ta fara fitar da kai mai kama da zangarniyar gero, kafin ya nuna. A lokacin saiwa ta kashe mafi yawan abincin da ta tara. Bayan sati 3 zuwa 4 toho zai leƙo, a sake yankewa kafin ya yi tsawo a saman ruwa. Sau biyu zuwa uku a shekarar farko, sannan a riƙa bi ana tsince abin da ya tsira. Abin da aka yanka a fitar da shi tudu. In aka bar shi yana ruɓewa a ruwa, kifi ne zai biya. Busasshen yana yin asabari da jinka da gawayi.

Wuta tana da amfani a hali ɗaya kawai: a ƙone da rani dab da zuwan ruwa, yadda zai hau ya rufe kututturen kafin toho ya fito. Maganin feshi kuwa ban ba da shawararsa a ruwan da ake sha ake kamun kifi ba.

Malamin Ruwa ya sake amsawa:

Injiniya ya kawo hanyar daidai, sai dai a kula da iri. Kai ɗaya na ɗauke da ƙwaya sama da dubu 100, iska ke kwasarsu kamar auduga, kuma suna tsira ne a kan laka mai danshi da rana ke bugawa. Wato filin da aka share, idan ruwansa ya ragu ya bar taɓo, ya zama gadon reno. Ko dai wurin ya zauna da zurfi, ko ya bushe ƙayau har a yi haro a juyo saiwar sama rana ta cinye ta. Tsakanin biyun nan ne haɗarin yake. Idan an share gona, a shuka shinkafa ko a dasa burgu nan take, kada a bar ta tsirara.

Kuma a fara daga bakin hanyar ruwa, ba daga tsakiyar gona ba. A yashe lakar, a jibge ta nesa da gaɓa don kada ruwan sama ya mayar da ita. Masunta su rage dumba, wato shingen kamun kifi da ke tare hanya daga gaɓa zuwa gaɓa, domin tana tsayar da ruwa ta tara laka. Garuruwan da ke kan reshe ɗaya su sa rana guda ta aikin gayya, sannan shugabanninsu su nemi jadawalin sakin ruwa daga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kafin a sa lauje.