Super League: kwaɗayin manya ne, ko mu masu kallo aka yi wa?

Sadiƙ ɗan Madrid: Jama'a, zan faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai. Super League, gasar da manyan ƙungiyoyin Turai suka so kafa wa kansu aka rusa a 2021, ba laifi ba ce, mu ne ma muka yi asara. Mu nan kuɗi muke biya a gidan kallo, kuma ba wanda ke biya don ya ga Burnley. Da an bar Perez, shugaban Madrid da ya jagoranci shirin, kusan duk tsakiyar mako sai ka ga Madrid da Liverpool, ko Barca da City.

Baba Audu: Yaro, ka san yadda aka tsara ta kuwa? Ƙungiya 20, amma 15 a ciki kujerarsu ta dindindin ce, ko sun yi wasa ko sun yi barci ba mai fitar da su. Gurbi biyar kawai aka bar wa sauran Turai baki ɗaya. Wannan ai walima ce aka raba kati, ba gasa ba.

Sadiƙ ɗan Madrid: Baba, da girmanka, ai manya manya ne.

Baba Audu: Wane manya? A cikin goma sha biyun da suka sa hannu har da Tottenham, wadda rabonta da lashe babbar gasar lig ta Ingila tun 1961. Arsenal kuma ta takwas ta ƙare a kakar. Ajax mai kofin Turai huɗu ba ta ciki. Aljihu aka duba. Bankin JP Morgan ne zai zuba kuɗin, Yuro biliyan uku da rabi za a fara raba wa waɗanda suka kafa ta, lokacin korona ta kwashe musu kuɗin shiga kuma bashi ya yi wa Barcelona katutu.

Nura Gunners: Baba, me ya kawo Arsenal cikin maganar nan don Allah?

Malam Habu: Ni ina bayan Sadiƙ da ƙafa ɗaya. Baba Audu, ita Firimiyar da muke yabo ta ina ta fito? A 1992 ƙungiyoyin rukunin farko na Ingila ɓallewa suka yi daga Football League don su riƙe kuɗin talabijin, Sky ta saya. Ɓallewar jiya ce ake kira al'ada yau. UEFA, hukumar ƙwallon Turai, kuwa ba don Allah ta yi ihu ba, wanzami ne ba ya son jarfa. Kotun Tarayyar Turai ma a Disambar 2023 ta ce yadda UEFA da FIFA suke toshe wa sabuwar gasa hanya ya saɓa wa dokar gogayya a kasuwa.

Baba Audu: Malam, kotu ba ta ce a kafa Super League ba, dokokin UEFA ta soka. Kuma Firimiya da ta ɓalle ba ta kulle ƙofa ba. Uku na faɗawa gasar 'yan dagaji duk shekara, uku na hawowa. Ta wannan ƙofar Leicester ta shigo a 2014, ta ɗauki kofi a 2016. A tsarin Perez ina Leicester za ta bi?

Hauwa Blues: Bari in tuna wa Sadiƙ wani abu, tunda ya manta. Wata biyar bayan shugabanku ya gama ce mana ƙananan wasanni ba sa jan hankalin matasa, Sheriff ta Moldoba ta je har Bernabeu ta ci ku 2-1. A daren, gidan kallon layinmu har waɗanda ba su san inda Moldoba take ba sai da muryarsu ta dushe.

Sadiƙ ɗan Madrid: Kuma wa ya ɗauki kofin a ƙarshen kakar? Na 14 ne fa, Anti.

Hauwa Blues: Kun ɗauka, amma sai da kuka yi gumi. Abin da ake faɗa maka ke nan.

Malam Habu: Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya daban ne. Magoya bayan Chelsea da suka tare motar 'yan wasa a Stamford Bridge don adawa da Super League har Petr Cech, jami'in ƙungiyar a lokacin, ya fito yana ba su haƙuri, da na Manchester United da suka kutsa Old Trafford aka ɗage wasan Liverpool, ƙungiyar unguwarsu suke karewa, wadda kakanninsu suka kai iyayensu kallo. A Jamus ma doka ta bar wa mambobi rinjayen ƙuri'a, kuma Bayern da Dortmund ba su shiga ba. To mu fa? Ba mu da ƙuri'a, ba mu taɓa taka filin ba. Mu ne ainihin kasuwar da Perez ya hango. Wace al'ada muke karewa?

Baba Audu: Taka tana Ƙofar Mata, filin Sani Abacha. Yaushe rabonka da zuwa ka ce Sai Masu Gida?

Malam Habu: Baba, ka kama ni. Tun dawowar Ahmed Musa a 2021 ban koma ba.

Nura Gunners: Ku dai ku lura, Infantino, shugaban FIFA da ya yi wa ta Turai tofin Allah tsine, shi ne ya tallata irinta a Afirka. An buga a 2023 da ƙungiya takwas da aka zaɓo, har da Enyimba, Sundowns ta ɗauka. Wa ya yi zanga-zanga a cikinmu?

Sadiƙ ɗan Madrid: Yawwa! Ita UEFA da kuke kare wa fa, ta mayar da gasar zakarun Turai ƙungiya 36 a tebur ɗaya, wasa takwas-takwas, manya na haɗuwa tun daga farko. Ba tuwon Perez ba ne aka sauya wa miya? Kuma duk kuna kallo.

Baba Audu: Muna kallo, don har yanzu sai ka ci a gida kake zuwa. United ta kasa a kakar 2024/25, ta zauna.

Hauwa Blues: Baba, kai ɗan United ne fa.

Baba Audu: Shi ya sa na san zafin abin, 'yata. A Super League da yanzu muna ciki, ana lallasa mu duk Laraba, ba ranar sallama.