Tambaya ga malaman Hausa: jimla ɗaya ta hana ni barci

Assalamu alaikum malamai. Ina rubuta jawabi kan Maraɗi da zan karanta gaban ɗalibai, na tsara wannan jerin sarƙe: "Gulbi ya ba mu ruwa, gona gero, Katsina sarauta." Na cire aikatau a gaɓoɓi biyu na ƙarshe, kamar yadda ake cewa gaba kura baya siyaki.

To, yayana ya karanta, ya ce akwai gyara: "ya ba mu" na gulbi ne, gona da Katsina kuwa "ta" suke ɗauka. Na mayar da "ta ba mu" sau biyu, sai jimlar ta yi nauyi, daɗinta a baki ya tafi. Shin giɓin jimla yana halatta in jinsi ya saɓa? Ko in nemo sunaye maza zalla? Katsinar ce ba na son saki, don daga can sarautarmu ta zo.