Me ya sa dawowar jini bayan tiyata take ƙara lalata nama?

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana a kan wata matsala da ta tsaya mini a karatu. Na fahimci cewa idan aka matse jijiyar jini lokacin tiyata, sinadarin haifozantin (wanda ke samuwa idan sinadarin da ke ba ƙwayoyin halitta ƙarfi ya rushe) yana taruwa, kuma da zarar jini ya dawo da iskar oksijin, sai inzayim ɗin zantin oksides (wani sinadarin jiki da ke sarrafa haifozantin) ya haifar da firi radikal, wato wasu sinadarai masu saurin ɓarna, masu cin kitsen da ke lulluɓe da ƙwayoyin halitta. To, tunda maganin alofurinol yana toshe wannan inzayim, me ya hana a riƙa ba kowane majinyaci shi kafin tiyatar zuciya? Ko kuwa yawancin ɓarnar daga maitokondiriya (sassan cikin ƙwayar halitta da ke samar mata da ƙarfi) take fitowa? Don Allah a warware mini.